Lissafin da Ya Tsaya a Magariba

Har yau, da zarar la'asar ta yi sanyi, sai in ji bakina yana motsi ba da izinina ba. Jikokina sun ɗauka lazimi nake yi, shi ya sa suke rage ƙarar talabijin su lallaɓa su wuce, ni kuwa ban taɓa gyara musu zato ba. Abin da nake biyawa lissafi ne, na maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban fahimci ko rubu'insa ba. Haddace shi kawai na yi, kamar yadda yaro yake haddace karatun allo tun bai san fassara ba, kuma a wuri ɗaya yake yanke mini kullum.

An ɗaura mana aure a farkon shekarun saba'in, bai daɗe da dawowa daga Ingila da digirin dakta ba. Ƙawayena da suka ji an ce dakta sai suka dinga zuwa ganin amarya ɗauke da ciwon bayansu da na gwiwarsu. Yakan saurare su tsaf har su gama, sannan ya ce musu shi fa lissafi ya karanta, ko allura bai iya riƙewa ba. Wata gwaggota ta ja ni gefe ta ce, "Yanzu duk shekarun nan da ya yi a Turai ƙirge ya je koyo? Ai da ya zo na koya masa a tsakar gida."

Yana koyarwa a jami'a a Zariya, ni kuma ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Kawo. Na ce ba zan bar aikina da mahaifiyata in koma wani gari ba, shi kuma ba mai son ja-in-ja ba ne, sai muka kama haya a nan Kawo, ba nisa da bakin titin Zariya. Rabin mako yana can, rabi yana gida. Motarsa 'yar ƙarama ce mai doron kunkuru, tun daga kwanar layinmu nake gane tarinta. Ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini Malama, da farko don tsokana, daga baya ya zame mini suna.

Fanninsa shi ne abin da kwamfuta za ta iya lissafawa da abin da ba za ta taɓa iyawa ba. A lokacin ko a hoto ban taɓa ganin kwamfuta ba. Ya ce akwai guda a wurin aikinsu, ta cika ɗaki, ana hura mata sanyi alhali malamai suna gumi, ana ciyar da ita da kati mai huji-huji. Na ce to shi ne mai tuƙa ta? Ya ce a'a, yakan yi wata bai leƙa ɗakin ba. Ita aiki take yi, shi kuma iyakarta yake nema, kuma wannan ba a ɗakin sanyi ake samunsa ba.

Da ya ga na ɗaure fuska sai ya kawo mini misali da mahaifina, wanda akawu ne a ma'aikatar gwamnati. Ya ce, "Ki ɗauka Baba ne, amma an cire masa wayo da faɗa. Ba ya yin komai sai abin da doka ta ce. An ba shi ɗan allo ƙarami, in ya cika dole ya wanke kafin ya ci gaba. Tambayata ita ce, akwai wani irin aiki da mai babban allo zai gama kafin azahar, amma shi mai ƙaramin ba zai taɓa gamawa ba ko da za a bar shi har tashin duniya?" Na ce ai kowa ya san akwai. Ya ce haka ne, kowa yana jin akwai, har manyan Turai da Amurka, amma a irin aikin da yake magana a kai ba wanda ya kafa hujjar da ba ta da ƙofa. Hujjar yake nema. Ita ce ta ci masa shekarun da muka yi a gidan nan.

Sai dai yadda yake aikin ne ya hana ni sakat. Maigidana ɗan alaramma ne. Mahaifinsa yana da makarantar allo a Rigachikun, kuma a can ya tashi, a can ya sauke ya haddace kafin a kai shi boko. A wurinsu ana rubuta ƙari a allo, a yi ta maimaitawa har ya zauna a ka, a je a biya wa malam, in ya gamsu ya ce je ka wanke. Mahaifin nasa ya rubuta Alƙur'ani da ka, ba sau ɗaya ba, amma bai taɓa ɗora alƙalami a takarda ba sai da karatun ya zauna masa daga farko har ƙarshe. To wannan hali maigidana ya ɗauka ya kai Ingila, ya kuma dawo da shi bai ko goge ba.

Ya sa aka shafa baƙin fenti a bangon barandar baya. Nan yake tsayawa da alli ya cika bango da alamomi, ya ja baya yana kallo yana motsa baki. Wani lokaci rubutu ɗaya ya kwana biyu a nan. Ranar da ya zauna masa sai ya ɗebo ruwa a kwano, ya sa tsumma ya wanke tas, ya je gindin lemun tsamin da ke tsakar gida ya zuba ruwan a hankali. Na ce, "Malam, wannan fa ba Alƙur'ani ba ne. Ga kwata nan." Ya dubi kwanon kamar yanzu ya fara ganinsa, ya ce, "Hannu ne ya saba." Washegari ma a gindin lemon ya zuba. Ƙasar wurin har ta yi fari.

Takarda kuwa ko ƙyalle. Littattafan darasin da yake koyarwa suna nan, amma nasa aikin na kansa bai ajiye ko layi ɗaya ba. Ayyukan da ya buga a mujallun masana kafin aurenmu ma haka ya yi su, sai da kowanne ya kammala a kansa sannan ya zauna ya zubo shi a takarda ba gyara. Abokansa suna ba da labarin abin kamar wata karama. Ni kuwa tsoro yake ba ni, don na san titin Zariya, na san manyan motocin da ke bin sa.

Mai hadda ba ya zama sai da tilawa, tilawa kuma tana son mai saurare. Ni aka samu. Bayan sallar la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a baranda, ni ina tsintar shinkafa ko ina duba littattafan yara, 'yarmu tana rarrafe tsakaninmu, shi kuma ya lumshe ido ya fara. Da Hausa yake yi, don ya ce da ita yake tunani, Turanci na fita unguwa ne. Ya ƙirƙiro wa kansa kalmomi. "A ɗauka akwai akawu, allonsa yana ɗaukar baƙaƙe kaza. A ɗauka an jera masa buhuna a zaure, kowane buhu da alamarsa, kuma ba ya shiga zauren sai ta ƙofa ɗaya, mai gadi yana bakinta." Haka yake tafiya, yana ɗan rangaji, da wata murya wadda ba ta hira ba ce, ba kuma ta karatu sosai ba. Ban yi niyyar riƙewa ba. Ni ma 'yar allo ce, kunnena ne ya yi aikinsa. Wata rana ina wanke-wanke na ji ni ina jera buhuna a zaure.

Kullum daga farko yake farawa. Aikin kuma yana ta ƙara tsawo, har ya kai ga la'asar ba ta isarsa. Yana cikin tafiya sai ladanin unguwa ya kira magariba, ya buɗe ido, ya jawo buta. Sauran yakan ƙarasa shi kaɗai a hanyar masallaci, ko a mota in zai koma Zariya. Mafi nisan da kunnena ya taɓa kaiwa shi ne inda yake cewa, "Saura abu ɗaya mu nuna, kuma shi ne mai wuyar. Ga yadda za a yi." Na taɓa ce masa ya fara daga tsakiya mana, ni ma in ji yadda akawun nan ya ƙare. Ya ce a'a, kowace gaɓa a kan ta baya take tsaye, in ya faro daga tsakiya kansa zai cuta. Na ce to shi da akawunsa su ƙarata.

Akwai abokin aikinsa da yakan biyo shi gida wani lokaci, mutumin Ilorin ne amma a Zariya ya tashi, Hausa a bakinsa har da ta zagi. Shi ne ya fara kawo mini ƙara. Ya bari maigidan ya shiga wanka, ya rage murya ya ce, "Madam, ki taimake mu da Dakta. A aikinmu abin da ka buga shi ake gani. Waɗanda suka zo bayansa sun fara wuce shi, an ƙara musu girma shi yana nan. Ya ce mini yana da babban abu, na kuma yarda, don na san kansa. Amma ko rabi ya rubuta mana mu gani."

Ni dama neman mai tayawa nake. Na yi magana da daɗi, na yi da faɗa, na sayo takardu masu layi na ajiye masa a kan matashi. Ya ɗauke su ya ba ni in yi wa yara jarrabawa. Da abin ya ishe ni, ranar da muka je gaisuwa Rigachikun na durƙusa a bakin zauren mahaifinsa na kewaya na kewaya har na faɗi abin da ke raina. Tsohon yana zaune a kan buzu yana fiƙe alƙalami. Bai ɗago ba ya ce, "'Yar nan, takarda gara na cinta, ruwa na cinta. In ya rubuta tun bai nuna ba, zai dogara da takardar ya saki na kansa. Ki bar shi ya nuna." Na ce to Baba. A mota ban yi wa ɗansa magana ba har Kawo, shi kuwa sai murmushi yake yi wa titi.

Wata ranar Alhamis, ana tsakiyar zafi, na ji ya shigo layi yana danna ham, abin da bai taɓa yi ba. Ya fito da ƙunshin tsire a takarda, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa ɗinkin salla. Ya ce, "Malama, na sauke." Na ce me ka sauke? Ya ce akawun. Gaɓar ƙarshe ta faɗo masa a hanya, bayan ya wuce Jaji, har sai da ya tsaya a gefen titi ya bi ta sau da yawa, kuma ba ƙofa. Na yi guɗa har maƙwabciya ta leƙo. Sannan na ce to ga takarda, ga biro. Ya ce, "Haba, ɗanye ne. Bari ya zauna. In an yi dogon hutu, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi, zan zauna in rubuta shi gaba ɗaya." A ran nan ban yi faɗa ba. Na yi murna ƙwarai, na ci tsire na ƙoshi.

Ruwa bai riga ya sauka ba ya dawo daga Zariya da ciwon kai. Ya ce rana ce. Kafin wani lokaci wuyansa ya ƙage, haske ma ba ya so, ya fara magana ba kan gado. Shekarar an yi sanƙarau a garuruwa da dama, ina jin labari a bakin iyayen yara, ban taɓa kawowa zai shigo gidana ba. Maƙwabcinmu ne ya tuƙa motar zuwa asibiti, ni ina baya na riƙe kansa a cinyata, zafinsa yana ratsa zanena. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu. An yi kwanaki bai san wanda ke kansa ba, mahaifinsa ya zo da almajiransa manya suka zauna a ƙarƙashin bishiyar asibiti suna karatu. Ban roƙi Allah komai ba sai ransa, kuma ya ba ni.

Ya tashi ya rame, kunne ɗaya ya mutu. Ya gane ni, ya gane 'yarsa, ya tambayi motarsa. Mahaifinsa ya ja masa aya daga tsakiyar sura, ya ɗauka ya zarce ba gargada, tsohon ya share ido da bakin rawani. Muka dawo gida muna ta godiya. Sai da ya yi ƙarfi, ranar da ruwan farko ya sauka, ya ɗauki alli ya fita baranda. Ina kicin ina leƙensa ta taga. Ya tsaya a gaban baƙin bangon, ya ɗaga hannu, ya sauke. Ya daɗe a haka. Da na fito sai ya juyo ya ce mini, a hankali, "Malama, me na zo yi nan?"

Ba wai lissafi ya ɓace masa gaba ɗaya ba. Yana ƙirga canji, yana taya ni duba aikin 'yan aji huɗu. Abin da ya tafi shi ne riƙe dogon zance. In ya kama gaɓa ta uku, ta farko ta zame. Karatun da ya shiga kansa tun yana yaro yana nan daram, wanda ya gina da girmansa kuwa babu. Ya koma aji ya gwada, abokin nasa ya ce mini yakan tsaya a tsakiyar darasi yana kallon ɗalibai yana murmushi, su kuma su sunkuyar da kai. Wurin aikin sun yi masa haƙuri iyakar haƙuri, daga baya aka sallame shi saboda rashin lafiya, da mutunci. Ya dawo gida ya zauna. Ya zama mutum mai sanyi, mai yawan godiya, ko ruwa ka miƙa masa sai ya sa maka albarka. Na yi kewar mai taurin kan nan har ina shiga ɗaki in yi kuka.

Abokin ya zo wata Asabar ya zauna a falo yana juya hularsa. Ya ce ya kwashe ofis kaf, ya duba kowace durowa, ya tambayi ɗalibai. Babu komai. Ya ce, "Madam, ko a gida akwai wata takarda? Ko bayan ambulan ne." Na kai shi baranda na nuna masa bangon, na nuna masa gindin lemo. Ya tsaya yana kallon farar ƙasar, ya ce innalillahi. A nan ne na ce masa, da kunya, ni fa akwai abin da na riƙe.

Ya ɗauka tausayinsa nake ji. Na zauna a inda nake zama, na lumshe ido, na fara jera buhuna a zaure. Ban yi nisa ba na ji ya ce, "Tsaya, tsaya, don Allah," yana lalube aljihu. Daga ranar ya dinga zuwa duk ƙarshen mako. Aikin bai zo da sauƙi ba. Ni ban san ma'ana ba, shi bai san kalmomin ba, sai ya yi ta juya buhu da zaure da mai gadi har ya gano abin da kowanne yake nufi a lissafinsu. In ya katse ni kuma ba na iya ɗorawa, sai na koma farko. Maigidana yana zaune a gefe a kan kujerarsa, ya juyo mana da kunnen da ke ji, yana sauraro kamar ana ba da labarin wani gari. Wani lokaci abokin ya ajiye biro ya riƙe kai ya ce, "Kai, Dakta! Ta ina ka bi ka zo nan?" Shi kuma ya yi dariya ya ce wallahi bai sani ba.

Ranar da muka kai ƙarshen abin da nake da shi, na ce, "Saura abu ɗaya mu nuna, kuma shi ne mai wuyar. Ga yadda za a yi." Na yi shiru. Abokin yana sunkuye, biro a kan takarda. Ya ce, "Ina ji, Madam."

Na ce, "Shi ke nan."

Ya ɗago. "Kamar yaya shi ke nan? Sai me?"

Na ce, "Sai magariba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya wurin maigidana ya karanta masa layin da ƙarfi, ya sake karantawa. Maigidana ya ce, "To, yaya za a yi?" Da gaske yake tambaya, yana son ya ji.

Abokin nan ya yi mana halacci. Ya kwashe shekaru yana neman gaɓar, ya aika wa masana a waje, ba wanda ya samo ta. Daga abin da na biya masa ya tsamo wani yanki da ke iya tsayuwa da ƙafarsa, aka buga a wata mujalla da sunan maigidana a gaba. Ya ce yankin ma abin a yaba ne, amma kusa da abin da aka nufa ɗan tsito ne. Da kwafin ya iso na miƙa wa maigidana. Ya shafa sunansa da yatsa, ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wannan mutumin ya iya aiki." Ya ba ni in ajiye kada yarinya ta yaga.

Akwai maganar da abokin ya taɓa yi mini wadda har yau ban gama yafe masa ba, ko da yake ba da mugunta ya yi ta ba. Ya ce in rage damuwa, don a irin aikinsu sau da yawa mutum yakan ɗauka ya gama, sai ya zo rubutawa ya tarar da rami a gaɓar ƙarshe. Wataƙila abin da ya ɓata ba cikakke ba ne. Na ce masa ni na ga fuskar mijina ranar tsire, shi bai gani ba. Na tashi na kwashe kwanon abincin tun bai gama ba. Amma maganar ta shiga. Tun daga ranar nake da zullumi biyu, ko an yi asarar abu mai girma, ko kuwa ba a taɓa samunsa ba, kuma ba mai iya raba mini.

Mahaifin maigidana ne ya kawo shawara ta ƙarshe. Ya zo duba shi, tsufa ya kama shi sosai, sai da aka riƙo shi daga mota. Ban ce masa komai a kan takarda da gara ba, shi ma bai ce ba, amma ya daɗe yana kallon baƙin bangon. Da zai tafi ya kira ni ya ce, "'Yar nan, in mahaddaci ya sarƙe ba a dukansa, baya ake ja masa ya taho da gudu, sai bakinsa ya wuce da kansa. Ki dinga biya masa. Amma ki faro tun azahar, kada magariba ta tare ku."

Haka na yi. Ina dawowa daga makaranta, mu yi azahar, in shimfiɗa tabarmar a inda take, in zauna ta gefen kunnensa mai ji. Yanzu ni ce mai rangaji, shi ne mai tsintar shinkafa, don ya ce hannunsa ba ya son zama haka. In taho tun daga akawu da allonsa, in bi ta zaure, in wuce mai gadi, in ƙara sauri in na kusa, kamar mai tura mota a gangara. In ce, "Ga yadda za a yi," in ɗauke numfashi. Rana tana sama, ba ladan, ba buta, ba abin da zai katse mu. Sai kukan kurciya a kan lemo da ƙarar manyan motoci daga titin Zariya. Wani lokaci leɓensa yakan motsa, in kasa kunne. Sai ya ce shinkafar nan da tsakuwa take.

Mun yi damina a haka, mun yi rani. Wata rana ina tsakiyar biyawa, a wurin da akawu yake komawa zaure karo na biyu, na ce buhu na gaba. Ban ankara ba na ji ya ce, "Na baya."

Na buɗe ido. Bai ɗago daga tiren ba.

Na ce, "Malam?"

Ya ce, "Buhu na baya. In ya ɗauki na gaba ai ya riga ya wanke alamarsa. Maimaita."

Muryar ce, ta da, wadda ba ta hira ba. Na gyara zama. Na maimaita, na ci gaba, ya ture tiren gefe ya lumshe ido, ya fara rangaji tare da ni. Ya sake gyara mini wani wuri. Daga can sai na ji muryarsa a ƙarƙashin tawa, muna tafiya tare, gaɓa bayan gaɓa, hawaye yana zuba mini ban tsaya sharewa ba don kada in yi tuntuɓe. Muka iso. Muka faɗa tare, baki ɗaya, "Saura abu ɗaya mu nuna, kuma shi ne mai wuyar. Ga yadda za a yi."

Na yi shiru na bar masa hanya. Bakinsa a buɗe yake, ya ja numfashi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai san inuwar lemo ta matso har bakin tabarma. Sannan ya buɗe ido ya dube ni, da fuskar nan mai sanyi ta bayan ciwo, cike da jin daɗi, irin kallon da mahaifinsa yake yi wa almajirin da ya biya ba kuskure.

Ya ce, "Madalla, Malama. Ya zauna. Je ki wanke."

Ya jawo tirensa ya ci gaba da tsintar shinkafa. Bai ƙara gyara mini ko kalma ɗaya ba har Allah ya karɓi ransa. Ni kuwa na tashi a ran nan, don ya ce in tashi, na ɗebo ruwa a kwano na je gaban bangon na tsaya da tsumma a hannu. Babu komai a jikinsa da zan wanke.